Kujerar Baba a Motar Auta

Assalamu alaikum, Yayana abin alfaharina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ciwon bayan nan ya tafi ke nan, ko da yake na san halinka, ba ka tashi daga gaban kwamfuta sai an yi da gaske. Mu nan kowa lafiya. Umma tana nan da ƙarfinta, tana ta faɗa da mai gyaran famfo, don har yau na kicin yana ɗiga. Ni kuwa aikin kantin magani ya sa ni gaba, ko Asabar ba na samun kaina. Baba jiki da sauƙi, gwiwar ce dai sai a hankali. Ransa ne ba daɗi, shi ya sa ma na zauna rubuta maka maimakon in kira ka, don a waya kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Ka ce ka ga hoton motar Auta ta tafi da hankalinka, har kana tunanin sayen irinta ka riƙa zuwa aiki, wai in faɗa maka gaskiya ko tana jure zirga-zirgar yau da kullum. To, zan faɗa maka abin da idona ya gani. Ka san Auta da son tsere tun yana ƙarami. Da ya sami aiki sai ya nace a sayar da tsohuwar motar gida, wadda muke kira Gwaggo saboda nishinta, ya haɗa da abin da ya tara ya sayo wannan ja ɗin. Ya rantse wa Baba cewa mota mota ce, wadda ta iya filin tsere ai titin unguwa wasa ne a wurinta. Ranar da ya kawo ta duk layin aka fito kallo, ni ma har hoto na ɗauka jingine da ita ina washe baki.

A fili kam ba ta da ta biyu. Ya taɓa kai ni na gani, tana shan kwana kamar an manne ta da kwalta. Amma da ta fito gari sai ta zama abin tausayi. Cikinta ya kusa taɓa ƙasa, duk tudun rage gudu sai Auta ya karkace ya hau shi a gicciye, yana cije leɓe, na bayansa suna ta danna masa ham. A cunkoso injin ya yi zafi, kulocin ya gajiyar da ƙafa, ga shi an cire iyakwandishan wai don a rage nauyi. Kujera biyu ce tak, bayanta duk ƙarafa ne a sarƙe, ko buhun shinkafa ba ya shiga, Umma ta koma ɗauko cefane a hannu. Tayoyin kusan sumul suke, in aka yi ruwa sai ta kwana a gareji. Ƙararta kuwa, maƙwabcinmu malamin makaranta ya ce ya daina saita agogo. Duk wannan abin dariya ne, kuma mun yi dariyar.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne Asabar ɗin Baba. Ka tuna Baba Tela, amininsa tun suna samari, wanda ya ɗinka maka kayan makarantarka na farko da wando har ƙirji? Tun da ya sami shanyewar ɓarin jiki hannunsa ya daina riƙe reza, kuma ya ce duk duniya ba wanda zai taɓa masa kai da gemu sai Baba. Ka san Baba, ya rufe shagon aski amma bai ajiye kayan aiki ba. Kowace Asabar yakan ɗauki 'yar baƙar jakarsa, Auta ya kai shi a Gwaggo can ƙarshen gari. Baba ya zaunar da abokinsa a baranda, ya ɗaura masa farin tawul, yana aski suna zagin juna kan wanda ya fi tsufa.

Asabar ta farko bayan zuwan sabuwar mota, Baba ya fito fes da jakarsa. Kujerar irin ta 'yan tsere ce, mai zurfi kamar kwano, gefenta a tashe, ga wani ƙarfe da ya gitta ƙofa sai an tsallake shi. Da ƙyar Auta ya cusa shi, ya ɗaure shi da bel ta kafaɗu da ƙugu, jakar a kan cinya don ba wurin ajiye ta. Sun je lafiya, sai dai layin su Baba Tela duk ramuka ne, motar ta kasa shiga, aka tsaya a bakin titi. Nan fitowa ta gagara. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, Auta ya ja ya ja, har sai da mai faci da wani mai shago suka zo suka cicciɓo Baba ta hammata, hularsa ta faɗi a kwata, masu wucewa suna ƙunshe dariya. Ya yi askin ranar, amma ya dawo ko abinci bai ci ba. Umma ta ce tun da take da shi ba ta taɓa ganin kunya ta kama shi haka ba.

Auta ya yi alkawarin sa kujera irin ta kowa a gefen fasinja. Makanike ya ce sai an yo odar wani ƙarfe na musamman da za ta zauna a kai. Na san za ka ce me ya hana tasi. Wallahi na faɗa, har na ce zan turo masa ita ƙofar gida. Baba ya ƙi ƙememe. Ya ce ba zai shiga motar haya ba ga motar ɗansa a tsaye, mutane su ce yaron ya yi sayen banza. Kullum Auta ya ce ƙarfen yana hanya, kullum Baba ya kira abokinsa ya ce sai Asabar mai zuwa. 'Yar Baba Tela ta kawo masa mai aski har gida, ya kore shi, ya ce a bar masa gemunsa, mai shi yana zuwa. Mu kuma muka sa ido, kowa yana ganin ai 'yan makonni ne.

Wata Asabar da safe 'yar ta kira ta ce jikin mahaifinta ya tashi, yana ta kiran sunan Baba. A take Baba ya ɗauki jaka, ya ce ko a cicciɓe shi sau goma zai shiga. Amma ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, suna fita layi motar ta sulale ta daki gefen titi, Auta ya ga in suka ci gaba ba za su kai ba. Kafin su sami tasi a cikin ruwan nan su isa, Allah ya yi wa Baba Tela cikawa. Baba ya shiga ya gan shi. Abin da kawai ya ce da ya fito shi ne, bai taɓa ganin Tela da gemu haka ba, buzu-buzu, duk ya rufe masa baki.

Ƙarfen ya iso bayan nan ba da jimawa ba. Auta ya sa kujera mai laushi, ya sa aka cire ƙarfen ƙofar, ya zo ya durƙusa ya roƙi Baba ya gwada. Baba ya shiga ba tare da an taimaka masa ba, ya gyara zama, ya ce ta yi daɗi. Auta ya tayar da mota ya tambaye shi ina za su. Baba ya daɗe yana kallon gaba, sannan ya ce ai shi yanzu ba inda zai je. Ina tsaye a ƙofa, na ga Auta ya kifa kai a kan sitiyari.

To, Yaya, ga amsarka. Motar ba ta da laifi, don fili aka yi ta, kuma mutum ɗaya take yi wa aiki. In kana sonta ka saya, amma kada ka rabu da wadda take ɗaukar mutanenka. Kada kuma ka yi wa Auta faɗa, abin da yake ji ya ishe shi. Ni kaina kullum ina cewa da na sani na ajiye aiki Asabar ɗaya na zo da tasi na yi wa Baba kuka har ya shiga.

Ka gaishe min da Anti, da yaranka, 'yar Likita da Sarkin Surutu, ka ce masa ban manta da alkawarin ƙwallonsa ba. Umma da Auta suna gaishe ku. Baba yana sa muku albarka. Har yanzu duk Asabar yakan fito da jakar ya goge almakashi, ya sa wa injin aski mai, ya mayar. Don Allah in za ka zo hutu kada ka yi aski kafin ka taso, ka zo masa da sumarka.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.