A ɗauke kwalin alawar nan

Inno,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya Najiba da mutanen Tudun Wada?

Lafiyata ƙalau, jiri ne kawai ya ɗan kwashe ni a wurin aiki nan Dubai. Da aka kai ni asibiti, na nuna wa likita alawar ƙarin kuzarin da nake ci a maimakon abinci, ya ce rabinta suga ne. Irinta ce na aiko wa Baba kwali guda, kuma Najiba ta ce kullum yana ci, wai magani ce. Da ciwon sugansa! Don Allah ki ɗauke kwalin yau, ko zai yi faɗa. Ki ba shi gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Idan da mai zuwa, a ƙullo mini nawa ƙuli-ƙulin. Jibi za a sallame ni daga asibiti, in sha Allahu.

Ɗanki,
Suhaib