Gurguzun Dokki

Ma'adi, Alƙahira

Yaya Amna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara da maigidanki. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina wankin nan a tsugune.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Waya ta zama abin tsoro a gidan nan, shi ya sa na ba Hasan, ɗalibin da zai zo hutu Gusau, ya kawo miki hannu da hannu.

Kina dai jin yadda Amurka da Sin ke ta cacar baki, kowa na tura jiragen yaƙi teku. Da ina ɗaukar abin labarin rediyo, ashe zai shigo mini har kicin. Kamfanin Amurkawan da maigidana Malam Ja'afar ke yi wa direba yana takarar wata kwangila da wani kamfanin 'yan Sin da ke unguwar Dokki. Tun da rigimar ta yi zafi aka shiga karɓar wayoyin ma'aikata ana dubawa.

Ni kuwa cikin nan ba abin da yake so sai miyar daddawar batso. Na roƙi Mawada, wata Bahaushiyar Sudan da yaƙi ya koro, ta nemo mini gurguzu in haɗa da kaina. Ita ce mai dafa wa 'yan Sin ɗin abinci. Da ta samu, sai ta rubuta wa Malam a waya cewa gurguzu ya iso, ya zo Dokki ya karɓa, kada mutanen ofishinsu su gani su yi masa dariya. Shi kuma sarkin gaggawa ya tafi da motar kamfani har bakin ƙofar 'yan Sin ɗin.

Yaya, na'urar fassara ba ta san 'ya'yan yakuwa ba. Gurguzun da ta sani shi ne na 'yan kwaminis, kuma shi ta ba masu duba wayarsa. An dakatar da shi, ana bincike. Kin san iƙamarmu, wato takardar zama, a kan aikin nan take rataye, likitar da ta riƙe mini wannan cikin bayan ɓari biyu kuma a garin nan take. Tsoro nake ji ƙwarai. Kada ki gaya wa Inna.

Taki ƙanwa,
Kulu

Yaya Amna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fatan takardata ta farko ta same ki. Jikina da sauƙi, sai kumburin ƙafa.

An kira Malam gaban Baturen da ke kula da tsaron kamfani. Ya tafi da ƙullin gurguzun, ya zube musu a tebur. Suka kira wani malamin jami'a mai jin Hausa, ya tabbatar musu kalmar tana da ma'ana biyu. Malam ya ce har Baturen ya yi dariya ya gutsuri ƙwaya ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, ashe ban ji ƙarshen zancen ba.

Sun ce sun yarda abinci ne, amma an riga an aika rahoto can ƙasarsu, kuma a irin wannan lokaci ba a rufe rahoto sai da sunan wani a ciki. Suna so ya sa hannu cewa Mawada ce ta riƙa jansa a jiki tana tambayarsa inda yake kai manyansa. In ya sa, ya koma bakin aiki. Sunanta kuma za a miƙa wa hukuma, ita kuwa katin gudun hijira kawai take da shi da 'ya'ya uku.

Ba zan ɓoye miki ba, na ce ya sa. Na faɗa da bakina, ina kuka, na ce ita ai ta saba da wahala. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Cewa kawai ya yi, "Kulu, tambayata ɗaya ta taɓa yi, ko kin samu barci." Ya ɗauki buta ya fita.

Gari duk a ɗaure yake. Mai gadin gidanmu ya kafa rediyo a kunne, kowa ya wuce sai ya ce masa yaƙin duniya ya kusa. Mai sayar da burodi na goyon bayan Sin, mai wanki na goyon bayan Amurka, jiya saura kaɗan su dambace, alhali ba wanda ya taɓa wuce Iskandariyya a cikinsu. Ni ba na goyon bayan kowa, gadon asibitina nake so.

Ki taya ni addu'a, ko da ban san me zan ce ki roƙa ba.

Taki,
Kulu

Yaya Amna,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kowa da kowa. Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya.

Bai sa hannu ba. Sun sallame shi cikin ladabi, har da shayi. Iƙama za ta mutu ƙarshen wata, likita kuma ta ce in zan hau jirgi, to in hau yanzu, nan gaba ba za ta bari ba. Ta rubuta mini magunguna ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ta kawar da kai.

Na yi kwanaki ba na yi masa magana sai gaisuwa. Ina cikin wannan fushin Mawada ta zo, ƙaramin ɗanta a kafaɗa. Ashe su ma 'yan Sin sun ga motar Amurkawa a ƙofarsu, sun kore ta tun kafin a kira Malam, kunya ta hana ta faɗa. Ba ta san an nemi sunanta ba. Gafara ta zo nema, wai ita ta jawo mana. Ta durƙusa ta kama ƙafafuna masu kumburi tana matsawa, tana karanta mini addu'ar sauka lafiya. Yaya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na kasa ko kallon fuskarta.

Yanzu ki gaya wa Inna komai. A share mini ɗakin Baba, ki kuma binciko mini likitar mata ta gari a Gusau, don ina tsoron hanyar nan, ina tsoron abin da ke bayanta. Malam ya ce in mace ce ni zan zaɓi suna. Na riga na zaɓa, Mawada, ki fara koya wa Inna faɗinsa, don na san za ta ce sunan baƙi ne.

Sai mun iso, in Allah ya yarda.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Kulu