Na Sa Iya Haɗiyar Maganin Shaƙa

Hajiya Radiyya, ki taimake ni, hankalina ba ya jikina. Amma bari in fara jinjina wa masu ilimin zamani. Sun kai gwanintar da za a ba ka kafso, ka buɗe, ka tarar da garin da bai kai ƙwayar gero ba, a ce maka magani ne.

Dillalin kifin banda nake a Hadejia, shekara ashirin ba a taɓa cusa mini ruɓaɓɓe a ƙasan kwali ba. Mahaifiyata, Iya Mairam, tana Auyo, asma ta daɗe tana damunta. Watan jiya likita ya rubuta mata wannan kafson da 'yar na'urar roba, wai a saka a ciki, a huda, ta zuƙa. Na ga ta zuƙa, babu ɗaci, babu ƙamshi, aka jefar da ɓawon. Na ce an yi mana wayo. Maganin da bai sauka ciki ba ina zai yi aiki? Na ajiye na'urar a saman kwaba, na ce ta riƙa haɗiye shi da kunu, har na ce likita ne ya canza. Iya ba ta musu da ni, ni ne na yi sakandare.

Sati uku ke nan. Yanzu ana bugun shinkafa, ƙaiƙayi ya cika gari, ƙirjinta sai kuka yake. Jiya ta kasa kai Fatiha ƙarshe sai da ta tsaya sau uku. Guba na ɗura mata? Ina tsoron komawa asibiti a tambaye ni, ina kuma tsoron kallon idonta.

Mai Banda, Hadejia

Malam Mai Banda, ka ajiye jaridar nan ka kai Iya asibiti yau, da na'urar da sauran kafson. Wanda numfashinsa bai isa ya kai aya ƙarshe ba, ba a jira da shi gobe.

Na tambayi wata mai harhaɗa magunguna. Ta ce haɗiyar irin wannan ba kasafai take zama guba ba, amma likita ne zai tabbatar. Babbar ɓarnar ita ce Iya ta yi sati uku kamar ba ta shan komai. An niƙa garin ne ya yi laushin da iska za ta kai shi can cikin huhu, wani ma akan lulluɓe kowace ƙwaya don ta narke a hankali. Ƙanƙantarsa ita ce aikinsa.

Ba kai kaɗai ke da laifi ba. Ya kamata a zaunar da ku a gwada muku, kuma bincikar kaya ba aibi ba ne. Ƙaryar da ka jingina wa likita, wannan kam taka ce. Ka faɗa masa ranar da aka fara haɗiya, ka sa Iya ta zuƙa a gabansa, a nisanta ta da masussuka.

Allah ya ba Iya lafiya, ya sanyaya maka zuciya. Likita dai minti biyu zai yi yana faɗa. Ita kuma Iya, wa ka tanada ya gaya mata gaskiyar abin da ka yi?