Akwatin Amarya da Ƙotar Bindiga

Zuwa ga yayata Harue,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki a can Burazil. Kowace safiya idan na kunna turare a gaban hoton Baba da Inna sai na ambaci sunanki, in roƙa miki tsawon kwana da sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau. Gwiwar matata Fusa ta ɗan lafa tun da ta daina hawa gona, bakinta ne dai bai lafa ba. Ɗanmu Noboru yana can birnin Sendai, aiki bai bar shi ya leƙo mu ba. Dusar ƙanƙara ta rufe kan dutse amma ba ta sauko kwari ba tukuna. Ki yi haƙuri da rubutuna. Malamarmu ta makarantar yamma ta ce hannuna ya fi sabawa da gizago a kan alƙalami, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Yaya, maganar auren jikata Minori da na rubuto miki bara: ki dakata da ɗinkin rigar biki. Ina cikin murnar da rabona da irinta tun ranar da aka haifi yarinyar, amma fa babu aure. Na san maganar ba ta haɗu ba. Ni ma har yanzu ba ta gama haɗuwa a kaina ba, shi ya sa zan ɗauko miki ita daga tushe, wataƙila ke ki gane.

Kin tuna itacen kiri da na dasa a bayan gida da aka haife ta, kamar yadda Baba ya dasa miki naki. Shekara biyu da suka wuce ta bugo waya daga birni, ta ce in sare mata itacenta, za ta dawo gida kuma za ta buƙaci katakon. Ke kin san ma'anar wannan a kwarinmu: ba a sare itacen yarinya sai za a yi mata akwatin amarya. Ban tambaye ta wane ne mijin ba, don kakan kirki ba ya tsare jika da irin wannan tambaya. Fusa ta ce in lokaci ya yi za ta faɗa da bakinta. Noboru kuwa da muka taɓo masa zancen ya ce shi ba a gaya masa komai ba, muka ɗauka kunyar uba ce. Na sare itacen, na tsaga, na jingine katakan a jikin shinge ruwa da rana su wanke musu ɗaci. Katakon kiri a jikin shinge kuwa ya fi mai shela murya. Kafin mako ya zagayo har mai kawo wasiƙa yana yi mini barka.

Sai neman ango. Duk hutun da Minori ta zo, tana ajiye jaka sai gidan tsoho Sukeji, shugaban maharba, wanda na yi shekaru ina sassaƙa wa mutanensa ƙotar bindiga. Gwauro ɗaya ne a gidan, ɗansa Tadao, wanda ya haura hamsin, kansa kamar ƙwarya, kuma ba ya hira da kowa sai taraktarsa. Na yi kwanaki abinci ba ya yi mini daɗi. Daga baya na ce to, zuciya ba ta shawara da ido. Na fara rusuna wa Tadao sosai idan mun haɗu, ina aika masa da tsimin kayan lambu daga tulun Fusa. Bawan nan har ya koma canza hanya idan ya hango ni.

Da kakar bana ta dawo da kayanta gaba ɗaya, har da wata doguwar jaka da kabad na ƙarfe mai makulli. Na kai ta rumfar aiki, na yaye zanen da na rufe akwatin da shi. Yaya, ban taɓa yin aiki mai kyansa ba: idan kin tura durowa ɗaya, iska sai ta turo ta kusa da ita waje. Yarinyar ta tsaya tana kallo, ta tambaye ni me za ta zuba a dogayen durowoyin nan. Na ce rigunan amarya mana. Ta dube ni, ta dubi kakarta, sai dariya har da zama a ƙasa, daga nan kuma sai hawaye. Ta ce ita ba ta taɓa sanin itacen na aure ba ne, ta ɗauka nata ne kawai. Da na ambaci Tadao kuwa ta ce Kaka, ashe haka na raina ta, ko ni da furfurata na fi shi kasuwa.

Ashe lasisin farauta ta yi shekaru tana nema a birni, ta kuma samu. Zuwa gidan Sukeji kuwa koyon farauta yake kai ta. Aladen daji da barewa sun cinye gonakin kwarin nan, maharbanmu kuwa saura tsofaffi 'yan kaɗan masu tari. Hukumar gari ta ce za ta ɗauke ta aikin tsare gonaki idan ƙungiyar maharba ta karɓe ta. Idan ba ta karɓe ta ba, sai ta koma birni. Katakon kuwa abu biyu take so da shi. Na farko ma'ajiyar kayan cika harsashi, wato ma'auninta da kwanson harsasai da 'yan ƙarafan aikin, don ta ji an ce kiri ba ya barin laima ta shiga. Na biyu sabuwar ƙotar bindiga. Nan na kama kai. Na ce mata kiri laushi gare shi, farce ma yana shiga, harbi ɗaya zai tsage a kafaɗarta. Ita ba ta san itace ba, ni ban san jikata ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Daga ranar Fusa ta daina yi mana magana mu biyu. Maƙwabta sun riga sun kawo gudummawar biki, ita ce ta bi gida gida tana mayarwa. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Da safe in ji kunya ta hana ni fita, da rana in ji takun yarinya a saman bene, ɗakin da ya daɗe a rufe, sai in kama kaina ina waƙa. Idan na taimake ta, na tura 'yar ɗana dutse cikin aladu masu haure. Idan na ƙi, ta tafi, gidan ya koma ni da Fusa da agogo. Ki gaya mini, wanne ne aikin kaka a nan?

Sukeji ma bai sauƙaƙa ba. Ya ce tun kakanni mace ba ta taɓa shiga dutse da su ba, don mai dutsen, aljanar da maharba ke gaisarwa kafin su shiga, ba ta so. Amma ya ce zai kalli harbinta a filin gwaji kafin ya yanke magana. Bindigar da ta saya ba sabuwa ba ce, ta wani dogon mutum ce a da. Ƙotar ta yi mata tsawo, duk harbi sai ta doke ta a kumatu, harsashi ya tafi yawonsa. Ranar da na ga kumatun nan ya yi shuɗi ban ƙara shawara da kowa ba. Na hau rufi na sauko da guntun itacen kurumi mai taurin nan da na ajiye tun ƙuruciyar Noboru, ya bushe har yana ƙara kamar ƙarfe.

Na auna ta daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Na riƙa shafa wa ƙarfen bindigar baƙin fitila ina zaunar da shi a cikin itacen. Duk inda baƙi ya taɓa sai in kankare, in sake gwadawa. Ita kuma nakan sa ta rufe ido ta ɗaga bindigar zuwa kafaɗa, sannan ta buɗe ta gaya mini inda idonta ya faɗa. Duk rayuwata tsofaffi masu ramammen kumatu nake yi wa aiki, ita kuwa nata kamar curin shinkafa, sai da na rage wurin ɗora kumatu a jikin ƙotar fiye da yadda hannuna ya yarda. Tana ta tsokanata wai hannuna yana rawa, ina ce mata rawar da ta girmi ubanta ce. A tsakani na ɗauki guntayen kiri na huda musu ramuka a jere inda kwanson harsasai za su tsaya, na raba durowar rigunan amarya gida gida. Ina yanka ina neman gafarar itacen. Bindiga da albarushi dai suna kabad ɗin ƙarfe yadda doka ta ce, kuma mun kai wa 'yan sanda sabuwar ƙotar sun duba.

Ranar gwaji ban iya kallo ba, ƙasa na riƙa duba ina jin ƙara. Da aka gama sai na ji shiru, na ce shi ke nan. Ashe shirun na tsofaffin ne, sun je sun ga takardar saiti, harbinta duk a tsakiya. Sukeji ya karɓi bindigar, ya shafa ƙotar, ya gwada a kafaɗarsa, ya ce wannan ba ta da amfani ga kowa a duniya sai mutum ɗaya. Ya daɗe yana kallon dutse. Sannan ya ce shi dai ya yi tunani, mai dutsen za ta gwammace ta ga mace a kan ta wayi gari babu mai gaishe ta ko ɗaya. Ya ce Minori ta zo ranar fita, ta sa hula ta rufe gashinta, kada a cika tsokanar mai dutsen.

Shekaranjiya suka fita, suka dawo da alade ɗaya. Ba ita ta harbe shi ba, koro aladun wajen maharba aka sa ta, amma an raba nama daidai wa daida kamar kullum, ta shigo gida da kasonta a hannu, laka har gwiwa. Jiya ta je hukumar gari ta mayar da sunanta cikin rajistar mazauna kwarin nan. Yau da safe na shiga madafa na tarar Fusa ta dafa jar shinkafa da wake, wadda ba a dafawa sai ranar farin ciki. Na tambaye ta bikin me ake yi. Ta ce ita ma ba ta sani ba, in rufe baki in ci tun da zafi. Maganarta ta farko ke nan gare ni, kuma na ci kwano biyu.

Ki gaishe mini da Masaru da matarsa Luiza, da Emiko, da ƙananan duka har wanda ban riƙe sunansa ba. Fusa tana gaishe ki, Minori ma ta ce in miƙa gaisuwarta ga kakarta ta ƙetaren teku. Ki riƙa ɗumama bayan nan, kada ki ɗauki abu mai nauyi.

Ni ne ƙanenki mai tuna ki kullum,
Tomezo