Jinyar Simsim

Jarwal, Makka
Ranar Talata

Zuwa ga maigidana, Baban Manar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ka gaishe ta, ka gaida mutanen Fagge gaba ɗaya.

Kada ka yi mamakin ganin hoton takarda maimakon saƙon murya. A mustashfa, asibitin nan, kunnen Manar yana kaina, a waje kuma in na buɗe baki kuka ne ke riga magana fitowa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san hannu ne da ya koya da girma.

Sikilar Manar ta tashi ranar Lahadi, ƙafafu da baya, har an ba mu gado. Haifa 'yar baffanka ce ke karɓa ta idan na zo gida. Likita ya ce ta sha ruwa, ta yi ta sha, don jijiyoyinta sun gaji da allura, da ƙyar ake samun inda za a sa mata ƙarin ruwa. Ita kuwa ta rufe baki, wai ruwan yana tayar mata da zuciya.

Ga kuma wata. Simsim, ɗan hamstan nan mai kama da ɓera da ka saya mata don kada ta yi kukan tafiyarka, shi ma ya kwanta. Jiya na dawo ɗaukar kaya na ji ɗakin yana wani irin wari. Na leƙa kejin na same shi a ƙudundune a lungu, gashi ya hargitse, gindin wutsiyarsa sharkaf da gudawa. Ko 'ya'yan kabewar da yake cika kumatu da su bai taɓa ba.

Ka san ɗaki ɗaya ne, a nan nake salla. Ban iya barin najasa kusa da sallaya ba. Na wanke shi tas da sabulu a cikin kwano, na ajiye shi gaban mukayyif mai sanyaya ɗaki ya bushe. Na zuba masa laban kamar yadda ake ba mai zawo kindirmo a gida, na yanka masa kokwamba. Yau da safe na same shi ya fi jiya lalacewa, yana rawar sanyi, ido a lumshe.

Manar ba ta tambayata komai sai shi. Ranar da za mu fito, tana kukan ciwo, sai da ta sa na rantse zan kula mata da shi. Na ce mata yana barci da yawa. Ta dube ni da irin kallon nan nata. Baban Manar, ban san yadda ake jinyar wannan halitta ba. Gobe zan nemi likitan dabbobi.

Ka sa mu a addu'a.
Taka, Rahmatu

Jarwal, Makka
Ranar Laraba

Baban Manar,

Sallama da gaisuwa. Na ji saƙonka, na gode Allah da Inna ta fara cin abinci. Na ji kuma da ka ce kada in wahalar da kaina a kan dabba. Ka karanta wannan tukuna.

Na sa shi a kwalin takalmi na rufa da gefen abayata, na tafi asibitin dabbobi. Mai tasi ya yi ta tambaya ko mage ce. Likitan, wani dattijo Basudane, ya ɗaga shi ya dubi ƙarƙashinsa ya girgiza kai. Ya ce ciwo ne da suke kira jiƙaƙƙiyar wutsiya, ƙwayar cuta ce a hanji, ta fi kama ƙanana waɗanda ba a daɗe da canja musu wuri ba, kuma tana kisa da sauri. Da na faɗa masa wankan da laban ɗin, sai ya cire tabarau ya ce ya hajja, duk abin da ba a yi kin yi. Ba a yi musu wanka, sanyi ke kama su. Ba a ba su nono, ba a ba su ɗanyen ganye. Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

Ya yi masa allurar ruwa a ƙarƙashin fata, ya ba ni magani da sirinji marar allura. Ya ce in riƙa ɗiga masa ruwan gishiri da sukari na kanti a gefen baki, ɗigo ɗigo, a kai a kai, kada in tura da yawa ya shaƙe. In goge shi da auduga mai ɗumi kawai, in zubar da garin katakon kejin in wanke komai da ruwan zafi. Da ya ji ina da yarinya a gado, ya ce in wanke hannu har gwiwa in canja kaya kafin in je wurinta. Na tambaye shi ko zai tashi. Ya ce da yawa ba sa tashi.

Na kashe mukayyif. A zafin Makkan nan nake zaune gumi yana bin bayana, shi kuma yana naɗe a tsohuwar safarka kusa da kwalbar ruwan ɗumi.

Da na je mustashfa na kasa ɓoyewa, na gaya wa Manar gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in koma gida yanzu yanzu, Anti Haifa ta ishe ta. Na ce ba inda za ni sai ta sha ruwa. Sai ta kawo sharaɗi: duk sanda Simsim ya haɗiye ɗigonsa in turo mata hoto a wayar Haifa, ita kuma za ta shanye kofi guda. In bai sha ba, ba ta sha.

Haifa ta biyo ni baranda tana faɗa, rabi Larabci rabi Hausa. Wai tun da aka kafa Jarwal ba a taɓa jin uwar da ta bar 'yarta a gado ta tafi jinyar ɓera ba, wai saura in kai shi ɗawafi. Amma zuwa la'asar ita da kanta ta kira ni tana cewa yalla ina hoton, yarinya ta riƙe kofi tana jira. Nas ta ce yau ta fi kullum sha, har fitsarinta ya fara washewa.

Ka gane yanzu? Ba dabba nake jinya ba. Ina riƙe da wani abu da bai cika tafin hannuna ba, ina roƙonsa ya buɗe baki, don 'yata ta sha ruwa. Idan ya kawar da kai sai in sake gwadawa ta ɗaya gefen. Ɗazu na tsinci kaina ina lallashinsa da Hausa, ina ce masa haba ɗan albarka. Da yamma ya lashi ɗan kunun shinkafa a yatsana. Wallahi sai da na yi sujada.

Ka roƙi Inna ta yi mana addu'a, ba sai ka gaya mata ta waye ba.
Matarka, Rahmatu

Mustashfa
Ranar Juma'a

Baban Manar,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya kai da Inna. Ni dai ga ni.

Simsim ya mutu yau da hantsi. Jiya ya yi kamar zai tashi, har ya taka zuwa kwanonsa. Yau na ɗiga masa ruwa ya gangaro ta gefen baki. Na sake, ya sake gangarowa. Ina riƙe da shi na ji ya yi sanyi.

Ban motsa ba wayata ta yi ƙara, Haifa ce, wai Manar tana jiran hoto. Allah ya yafe mini, na tura mata na jiya. Ta sha. Na zauna ina kallon wayar, na san akwai sauran hotuna da za su kai mu gobe, wataƙila jibi. Da na gaya wa Haifa a ɓoye ta ce in ci gaba da turawa, kafin a sallami Manar, Hisham ɗanta zai samo wani mai irin launinsa, duk ɓeraye kamarsu ɗaya. Na so in yarda, wallahi na so. Amma yarinyar nan kullum sai ta tambaye ni ko allura za ta yi zafi, ko ciwon zai wuce, kuma abin da na faɗa shi take riƙewa ta miƙa hannu. In ta kama ni a wannan, da wane baki zan sake ce mata za ta warke?

Na naɗe shi a farin ƙyalle na ba mai gadin gidanmu ya binne a gindin bishiyar bayan gida. Na yi wanka na canja kaya na taho.

Ban ma buɗe baki ba. Tana ganina a ƙofa ta dubi hannuna, ta ce ai yanzu lokacin maganinsa ne, me nake yi a nan. Na zauna na gaya mata duka, har wankan da na yi masa, har hoton jiya da na tura. Ta juya fuska bango. Haifa ta ɗauki jakarta ta fita tana cewa na kashe maganin da hannuna.

Tun lokacin ba ta sha komai ba. Nas biyu sun zo neman jijiya, sun soki hannu sun soki ƙafa, ba su samu ba. Sun ce likita zai zo bayan la'asar, in ba ta sha ba a jijiyar wuya za a sa mata ƙarin ruwan. Na roƙe ta, na yi mata alkawari, na yi faɗa, na yi kuka. Ban sani ba ko daidai na yi, Baban Manar. Ka kira ta da ka ga wannan, ko muryarka za ta yi abin da tawa ta kasa. In Inna ta samu sauƙi ka taho, na gaji da zama uwa da uba.

Ɗazu na miƙe zan kira nas, sai na ji ta cafke bakin abayata ba tare da ta juyo ba. Ta ce Mama, tunda babu wanda za ki koma wa, ki zauna. Na zauna. Har yanzu ba ta sake ni ba, shi ya sa rubutun ya karkace, a kan gwiwa nake yi. Na cika kofin na ajiye inda hannunta zai kai.

Ka kira.
Rahmatu