Baƙin Dutsen Bappa Sale

Talata, bayan isha'i.

Raina a ɓace yake. Na goge maganar baƙin dutse daga shafin saran maciji, a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke gyarawa, Bappa Sale ya sake mayar da ita. Wai dutsen yana tsotse dafin kububuwa.

Na same shi a shagonsa na Jekadafari, na ce, "Bappa, maganar lafiya ba a sa ta sai da littafin likitanci ko mujallar bincike." Ko ɗago kai bai yi ba, ya miƙo min waya. "Ga madogara, 'yata. Jarida ce."

Na karanta. Rubutunsa ne na bara, ɗan jaridar ya kwashe daga shafinmu kalma da kalma. Shi ne mai da'awa, shi ne shaida.

Shi yana zaune a shago. Ni ce a asibiti nake karɓar makiyaya, ƙafa a kumbure, dasashi na zubar da jini, dutse ɗaure a kan saran.

Ƙanin babana ne, na durƙusa na yi masa sallama. Amma a shafi ba ni da bappa. Na sake gogewa.