Riƙo Aka Ba Ni

Litinin, 8 ga Rabi'u Sani, 1291
An tuɓe Yaya Sani daga sarautar dagacin garinmu. Jakadan hakimi ya iso da hantsi, ya ce bara Yaya ya ƙi tura mutane noman gandun hakimi. A gaban jama'a aka kwance masa rawani, aka tafi da shi birni. Sannan jakada ya dube ni: "Malam Khalilu, ka riƙe garin." Na ce sarauta ke nan? Ya ce a'a, riƙo ne, ba naɗi, ba rawani. Ni da ban taɓa riƙe komai ba sai allo da alƙalami.

Jumma'a, 12 ga Rabi'u Sani
Baƙo Bamaguje, maƙwabcina na gona tun ƙuruciya, ya tsuguna ya ce mini "ranka ya daɗe". Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Talata, 1 ga Jimada Auwal
Ruwa ya zauna, ciyawa ta taso. Jakada ya dawo: mutum arba'in zuwa gandu, kwana bakwai. Na ce nasu gonakin fa? Ya ce, "Kai ba ka da iko. Iko na hakimi ne, kai bakinsa ne kawai."
An karantar da mu cewa mulki na Allah ne, shugaba kuma makiyayi ne da za a tambaya kan abin kiwonsa. To, bakin wani fa, shi ma za a tambaye shi? 

Asabar, 5 ga Jimada Auwal
Na tura su. Har 'ya'yan Baƙo uku. Uban ya ce, "Bar mini ɗaya mana, gero zai shaƙe." Na ce umarni ne. Ban taɓa furta kalmar nan ba sai yau. Na yi mamakin yadda ta kashe maganar nan take.

Lahadi, 13 ga Jimada Auwal
Ciyawa ta cinye gonar Baƙo.

Laraba, 16 ga Jimada Auwal
Ina cin tuwo na ce talakawan nan sun cika ƙorafi. Hure matata ta ajiye ludayi: "Su wa? Da 'mutanenmu' kake cewa." Na ce ai duk ɗaya ne. Ta kwashe ƙwarya ta fita.
Ba ɗaya ba ne. Na sani.

Alhamis, 24 ga Jimada Auwal
Baƙo ya tashi da iyalinsa, an ce sun yi arewacin Minjibir. Bai yi mini sallama ba. Mutum biyu sun kawo ƙara kan iyakar gona, na yanke, suka bi. Babu wanda ya tambaye ni dalili.

Alhamis, 8 ga Jimada Sani
Jakada ya ce hakimi ya huce, mai yiwuwa a mayar wa Yaya rawaninsa bayan girbi. Na ce alhamdu lillahi. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Sai dai in an ga mai riƙo ya fi iyawa."
Safiyatu matar Yaya ta tare ni a ƙofar gida, ko akwai labarin mijinta. Na ce babu tukuna. Don kada ta sa rai ne, in abin bai tabbata ba.
Farin ragona na sa an kai wa jakada masaukinsa. Baƙunta ce kawai.